Vespar Malam

Na ga saƙonninku, kusan rabinsu kuma tambaya ɗaya ce, wai ina kashi na uku na littafina ya maƙale? Wata baiwar Allah daga Gusau har cewa ta yi ko aure na yi na manta da ku. To ba aure na yi ba, ban kuma manta da ku ba. Gaskiyar magana ita ce kuɗin da na tara zan kai maɗaba'a babur ne ya cinye su. E, babur fa. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi, in kun ga wauta na tafka ku faɗa mini, ba zan ji haushi ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne, kuma tun kafin ya auri Ummanmu yake da Vespa, wadda bakinmu ya mayar Besfa. Ruwan toka ce, ƙirar P150X, irin mai tayar safeya a ɓoye cikin ƙugunta na hagu. A kanta aka riƙa kai ni makaranta, ina tsaye a gaba tsakanin ƙafafunsa na ƙanƙame kan babur, iska na kaɗa mini ɗan hijabina. Da idonsa ya fara rauni sai ya jingine ta a zaure ya lulluɓe ta da tsohuwar tabarma, ta yi shekara 6 a nan ba wanda ya taɓa ta. Bara Allah ya karɓi abinsa.

Ranar rabon gado Baffa ya yaye tabarmar ya ce wannan ai sai 'yan gwangwan, a auna ta a kilo a raba kuɗin kowa ya huta. Na ɗaga kai na dubi Umma, a lokacin ko takaba ba ta fita ba, na ga ta sunkuyar da kai tana murza carbinta da ƙarfi. Ban san sanda bakina ya ce, "Baffa, a yi mata kuɗi a cire a cikin rabona" ba. Ya dube ni ya ce, "Ke 'yar nan, me mace za ta yi da mataccen babur?" Na ce Auta ne zai riƙa zuwa makaranta da ita, kuɗin adaidaita sahu ya ishe mu. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dukan dalilin ba. Umma ta taɓa gaya mini cewa ko Vespa goma ne suka shigo layinmu tana iya ware ƙarar ta Malam tun daga bakin masallaci, a nan take sauke tukunya ta fara zuba abinci. Tun da ya rasu ba ta ƙara yin hira mai tsawo da kowa ba.

Kafin in ci gaba bari in ɗan yi muku tsaraba da abin da Auta ya tono mana. Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ne ya fara ƙera Vespa a 1946, bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya zana ta kuwa injiniyan jirgin sama ne mai suna Koradino Daskaniyo. Mutum ne da ba ya son babur irin na da saboda ɓata tufafi, shi ya sa ya rufe injin ruf a gefen dama, ya yi wa ƙafafu garkuwa a gaba, ya kuma raba ta da sarƙa gaba ɗaya. Da na ji haka na ce lallai, ashe shi ya sa malamai da 'yan kasuwar Kano suka riƙe ta, mutum ya ci ado da babbar riga fara tas ya je ɗaurin aure ya dawo ba ɗigon baƙin mai a jikinsa. Sunan ma da harshensu zanzaro yake nufi, ku dubi tsukakken tsakiyarta da faɗin bayanta za ku gane. Jerin irin ta Malam a 1977 aka fara fito da shi, aka daina a 2017 saboda dokokin hayaƙi na Turai. Ni kuma sai kunya ta kama ni, duk samarin da na rubuta a littattafaina a Marsandi suke zuwa zance, ban taɓa ɗora ko ɗaya a kan abin da ya ciyar da ni ba.

Yaran da ke gyaran babura a bakin titinmu ko kallon kirki ba su yi mata ba, suka ce su ba sa taɓa kayan tarihi. Da ƙyar aka kwatanta mana wani dattijo a cikin gari wanda tun yana saurayi Vespa kawai yake gyarawa. A kura muka ɗora ta muka kai masa. Ya zagaya ta sau biyu, ya shafa kujerar, ya buɗe akwatin gaba. A ciki akwai ɗan kofin awon mai, da sifanar fulogi, da sabon fulogi a naɗe cikin ƙyallen atamfar Umma, da wata siririyar allura a soke jikin ƙyallen. Ya ce, "Mai babur ɗin nan ya san darajarsa. 'Yata, za ta tashi in sha Allahu, amma sai kin yi haƙuri, kuma ba zan yanke miki kuɗi yau ba don ban san abin da ke cikinta ba."

Ni da yake marubuciya ce ba na iya ganin abu ban yi tambaya ba, kullum na je sai in zauna a benci da ɗan littafina. Ya fahimtar da ni cewa injinta mai bugu biyu ne, wato duk hawa da saukar fistin sau ɗaya sai wuta ta kama, ba kamar su Boxer na yanzu ba masu bugu huɗu da ke da wurin zuba baƙin mai daban. Ita a cikin fetur ake haɗa mata man da ke sulɓa mata ciki, wanda ake kira 2T, kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 a kowace lita. Lita 5 kenan mililita 100, aikin ɗan kofin nan kenan. In an rage, fistin ya yi zafi ya liƙe a tsakiyar titi. In an zabga da yawa don a nuna ƙauna, fulogi ya jiƙe, hayaƙi ya turnuƙe, salansa ta toshe. Ya ce duk injin da ya ƙi tashi abu uku ake tuhuma, ko mai bai iso ba, ko wuta ba ta zo ba, ko matsin cikin silinda ya zube, kuma bakaniken da ya fara kwance inji kafin ya duba ukun nan kuɗinki yake so.

Da farko ma kik ɗin ƙin motsi ya yi, tsatsa ta riƙe ringin fistin. Auta ya ɗaga ƙafa zai haye shi da ƙarfi, dattijon ya daka masa tsawa, ya ce haka ake karya ringi a kuma ƙarce silinda. Ya cire fulogi ya tsiyaya kananzir da ɗan mai ta ramin, aka bar ta kwana uku, sannan ya riƙa juya fankar injin da hannu gaba da baya a hankali har ta saki. Da ya ɗaga murfin da ke rufe kan silinda kuwa sai ga gidajen zanzaro na gaske reras a tsakanin haƙarƙarin ƙarfen, muka yi ta dariya, ya ce 'yan uwanta ne suka zo taya ta zama. Ya kankare su tas, domin ta nan iskar fanka ke bi ta sanyaya injin, ya kuma gargaɗi Auta kada ya kuskura ya hau ta babu wannan murfi.

Tankin kuwa ba a magana. Fetur ɗin da ya kwana shekara 6 ya zama wani abu mai danƙo kamar ƙaro, ga wari. Aka cire shi aka zuba kananzir da tarin ƙananan notina aka yi ta girgizawa har tsatsar ta fita. Kafireto ma aka wargaza shi aka jiƙa, ya riƙa hura 'yan ramukan da iska yana ɗagawa yana hango rana ta ciki. Na ce, "Baba, ba ga allurar Malam ba, a zura mana." Ya ce a'a, ƙarfe yana buɗa ramin ya fi yadda aka auna shi, daga nan babur ya dinga shan mai ba dalili, kuma shi bai yarda mutum mai tsari irin Malam da allura yake sokar kafireto ba. Muka mayar da ita cikin ƙyallenta ba mu san amfaninta ba.

Sai wuta. Ya jingina fulogi a jikin inji ya ce Auta ya buga kik, muka ga wani ɗan tartsatsi ja-ja mai rauni. Ya ce shuɗi ake so mai ƙara ƙyas. Ya goge kwantak da lallausar samfefa, ya daidaita tazararsa wajen milimita 0.4, ta fulogi kuma 0.6, ya sa sabuwar kwandansa. A bugu na huɗu ta yi tari, a na biyar ta kama. Wallahi sai da na juya baya na goge idona da gefen mayafi.

Murnata ba ta je ko'ina ba. Farin hayaƙi ya cika rumfar, mai kauri, ya ƙi raguwa. Dattijon ya kwance noti ya tari man giya a tafin hannu ya shinshina, ya miƙo mini, na ji warin fetur. Ya ce robar da ke tsare tsakanin ɗakin giya da cikin inji ta bushe ta tsage, injin yana zuƙar man giya yana ƙonawa, ba makawa sai an raba shi biyu. A nan kuɗin maɗaba'a suka fara tafiya. Tunda an buɗe, ya ce a canza har da wani ɗan ƙarfe mai ƙafa huɗu da ke zaɓar giya, don in ya cinye babur ya riƙa fitar da giya da kansa ana cikin tafiya. Kayan asali sun yi wuya, amma da yake kamfanin LML na Indiya ya daɗe yana ƙera irinta, kayansa suna shiga. Aka zuba sabon man giya mililita 250, aka gasa salansa a wuta aka bubbuge baƙin da ya daskare a ciki, aka sa sababbin tayoyi da wayoyin kuloci da giya da birki. Fenti ne kawai na hana a taɓa. Akwai wani ƙarce a garkuwar gaba da na yi da ƙusa ina aji biyu, na sha faɗa a kansa, ina son abina.

Muka kawo ta gida da rana Umma ta tafi gaisuwar rasuwa, na ce a ɓoye mata sai an tabbatar. Gara da na yi haka, domin a nan wata sabuwar jarraba ta ɓullo. Auta zai hau ta yi tafiya lafiya lau kamar minti goma sha, sai ta fara shaƙewa ta mutu. In ya ɗan tsaya ya buga sai ta tashi, can gaba ta sake. Dattijon ya ce alamar kwandansa ce ko kwayil da ke gazawa in sun yi zafi. Aka canza kwandansa, ba ta daina ba. Aka canza kwayil, ba ta daina ba. Aka sake wanke kafireto. Sati uku muna wannan safa da marwa, tana kwana a rumfarsa, kuɗina sun ƙare ƙarƙaf, maganar Baffa kuma ta dawo tana yi mini yawo a ka. Har na fara tunanin ko in kira 'yan gwangwan ɗin da kaina.

Wani dare muna tsakar gida ni da Auta muna ƙus-ƙus, yana ba ni labarin yadda ta kunyata shi a kan gadar Ƙofar Nasarawa, yana cewa shi abin da ke ɗaure masa kai duk sanda ta mutu sai ya ɗaga kujera ya buɗe tanki ya leƙa, ya ga mai cike, ya rufe, ya buga ta tashi. Ashe Umma tana jin mu daga ɗaki, ashe ma ta daɗe da sanin abin da muke ɓoyewa. Sai muka ji muryarta, "Kun soke hancin murfin?" Muka yi tsit. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Akwai ɗan rami a murfin tankin, kamar ƙofar allura. Duk Juma'a in Malam ya wanke ta sai ya soke shi. Allurata ce ma ya ɗauke, ya ce in ramin ya toshe ba ta numfashi."

Da sassafe muka isa wurin dattijon. Ya kwance murfin ya kai baki ya hura, iska ta ƙi wucewa, ƙura da tsohon mai sun liƙe ramin kamar an yi masa siminti. Ya riƙe haɓa ya ce ɗan hakin da ka raina kenan. Ya bayyana mana cewa mai yana sauka daga tanki ne in iska tana shiga ta maye gurbinsa, in babu sai tankin ya riƙe mai kamar yadda ake toshe bakin buta da yatsa ruwa ya ƙi zuba. Buɗewar da Auta ke yi ita ke ba shi iska. Ya harari Auta ya ce, "Kai kuma sati uku ba ka taɓa gaya mini kana buɗe tanki ba?" Auta ya ce shi bai ɗauka magana ba ce. Dattijon ya zaro allurar daga ƙyallen atamfa ya soke, ya ce kuɗin aikin kwayil ya yafe, laifinsa ne da bai fara dubawa ba.

Ranar Auta ya je har Wudil ya dawo ba ta yi ko tari ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, tana shan mai fiye da baburan yanzu, ga kuɗin 2T a kai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowace lita sai an yi mata lissafi. Duk da haka ta fi mana sauƙi a kan hawa adaidaita biyu zuwa biyu dawowa. Kashi na uku kuma ku ƙara mini haƙuri zuwa bayan sallah, na fara adashi, kuma ina sanar da ku tun yanzu saurayin da zai zo wurin ƙanwar jarumar a Vespa zai zo, wadda ba ta so ta rubuto mu yi rigimarmu a nan.

Da magariba ta kusa ina wanke-wanke na ji ƙararta daga bakin masallaci. Na saci kallon Umma, na ga ta ajiye tsintsiya ta nufi murhu ta sauke tukunya. Auta ya shigo da ita zaure ya kashe ya taho yana kaɗa makulli, ta ce masa ba tare da ta ɗago daga kwanon da take zuba wa miya ba, "Koma ka rufe mata mai, Malam ba ya barinta ta kwana a buɗe."