Na'urar Gano Iskar Guba: Saye Ba Shi Ne Ƙarshen Aiki Ba

Har zuwa shekarar 1986, masu haƙar kwal a Ingila suna shiga ƙarƙashin ƙasa da tsuntsun kanari cikin keji, domin shi ne ke fara galabaita idan iskar guba ta taru. A yau wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a gaban riga ce ta gaji wannan aiki, kuma ana bukatarta duk sa'ad da za a tura ma'aikaci cikin rijiya, ko tankin mai, ko ramin magudanar ruwa.

To, amma akwai bambanci. Idan tsuntsu ya faɗi, kowa zai gani. Ita kuwa na'ura, da wasu ƙananan ƙwayoyi take sansano iska, waɗanda ake kira sensa, kuma idan ƙwayar da ke auna guba ta mutu, sau da yawa sifiri take nunawa, watau daidai abin da take nunawa a cikin iska mai tsabta. Ma'aikaci ya duba, hankalinsa ya kwanta, ya shiga rami.

Hanci ba zai cece shi ba. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ko kaɗan, ita kuma haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan ta yi yawa sai ta kashe jin warin gaba ɗaya.

Kowace ƙwaya tana da wa'adinta. Wadda ke auna iskar oksijin, irin mai dalma a ciki, takan yi shekara 1 zuwa 2, kuma tana cinyewa ko da na'urar tana kulle cikin sito. Masu auna guba sukan yi shekara 2 zuwa 3. Wadda ke gano gas mai kama wuta kuwa, tururin man gogewa mai silikon yana iya lalata ta. A ƙasashen Hausa ga ƙarin matsala: ƙurar hunturu tana toshe matacin na'urar, bushewar iska kuma tana ƙafar da ruwan sinadarin da ke cikin ƙwayoyin.

Saboda haka wajibi ne kafin aikin kowace rana a busa wa na'urar iskar gwaji daga kwalba, a tabbatar ta yi ƙara. A fili, ya kamata ta nuna oksijin kashi 20.9 cikin 100. Idan an sauya ƙwaya, a bar ta ta natsu, sa'an nan a daidaita awonta kafin a fita da ita. Kwalbar gwajin ma tana da ranar lalacewa.

A nan ne nauyi ya hau kan jami'an kasafi da na sito. Ma'aikatar da ta sayi na'ura ba ta ware kuɗin ƙwayoyi da iskar gwaji kowace shekara ba, lalle ta sanya ran ma'aikatanta cikin haɗari. Ya kamata kowace na'ura ta sami littafi mai nuna ranar da aka sa kowace ƙwaya, a kuma yi odar sabuwa tun wa'adi bai cika ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.