Dillalan Babur, Ku Ji Tsoron Allah

Tun da gwamnatin Legas ta hana okada a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, tsofaffin babura suka yi ta kwararowa nan Sabo. Ba mu ƙi ba, hanyar abinci ce. Abin da muka ƙi shi ne yadda wasu dillalanmu, waɗanda muke sahu ɗaya da su a masallaci, suka mai da yaran da ke zuwa daga gida abin yanka.

Yaro ya sauko daga mota da kuɗin adashi da na akuyar uwarsa. A nuna masa Bajaj an wanke ta tas, an riga an ɗumama injin kafin ya iso, an ɗura mata baƙin mai mai kauri don ƙarar ta kwanta. Ya zaga fili sau ɗaya shi kaɗai, a ce “ka gani ka saya”. Kwana uku, ya ɗauko fasinja zai hau tudun Mokola, injin na ihu, babur na rarrafe.

To daga nan sai hannun bakanike, wanda tun bai taɓa ba zai ce giyabos ne, a sauke inji. Haba malam! Mu ba bakanikai ba ne, amma shekarun da muka yi muna ɗora kaya a kan babur sun koya mana wani abu. Idan ka murɗa totur injin ya tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke zamewa: ko farantansa sun cinye, ko wayarsa ta yi tsauri, ko an zuba man mota, wanda santsinsa na iya hana farantan kamawa tunda cikin mai suke aiki. Idan kuwa injin ne kansa ba ya numfashi, a duba matatar iska, fulogi da kafireta, a juya taya a ga ko birki na riƙewa. Duk wannan aikin ƙaramin kuɗi ne. Ciwon giyabos na gaskiya alamarsa daban: giya ta riƙa fita da kanta kana cikin tafiya, ko ta ƙi shiga bayan an saita kuloci. Wannan kam sai an buɗe, kuma mai babur ya san da shi tun kafin ya kai kasuwa.

Wani dillali ya ce mana ai kowa ya san tsohon abu ba ya rasa ciwo. Gaskiya ne. Amma ciwon da ka sani ka rufe shi da mai, sunansa algus. Ko yaron da ya karanta Risala ya san ɓoye aibi haramun ne, kuma mai saye na da haƙƙin mayar da kaya.

Ku kuma samari, ku je da sassafe injin na sanyi, ku zaro ma'aunin mai ku gani, ku goya mutum ku hau tudu, ku bi giya ɗaya bayan ɗaya.

Mu dai daga yau, duk wanda ya kira mu shaidar cinikin babur, sai mai sayarwa ya faɗi aibinsa a gaban mutum biyu kafin mu ɗaga hannu mu shafa fatiha.