RA'AYINMU: Magogin Goro da Haƙoran Iyayenmu

Duk wanda ya san Taminus a birnin Jos, tun kafin gobarar da ta cinye babbar kasuwarta a shekarar 2002 har zuwa yau da ake kasa kaya a gefen titunanta, ya san dattawan nan da kan zauna da hantsi, kowa ya zaro magoginsa daga aljihu yana goga goro, domin babu haƙorin tauna shi. Mun saba ganin haka har mun ɗauka cewa zubewar haƙori abokiyar furfura ce. Mu a namu ra'ayin, wannan kuskure ne babba, kuma ku 'yan'uwanmu mazauna Kudu kuna da hannu wajen gyara shi.

Likitoci sun tabbatar cewa abin da ya fi zubar da haƙoran manya shi ne ruɓewar haƙori da ciwon dasashi, kuma duka biyun ana iya tsare su. Dattin abinci ne ke taruwa a gindin haƙori, ya taurare, dasashi ya kumbura yana jini, ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya zaizaye sannu a hankali, har ya soma girgiɗi ya faɗi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa mutane kusan biliyan 3 da rabi ke fama da cututtukan baki, kuma kimanin kashi 23 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama ba su da haƙori ko ɗaya.

Asarar ba ta tsaya ga goro ba. Tsohon da ba ya iya tauna nama ko ƙosai ko gyaɗa zai koma ga koko da kunu, jiki ya rame, ƙarfi ya tafi. Mai ciwon sukari kuwa, ciwon dasashi yana ƙara masa wahalar daidaita sukarinsa. Wasu magungunan hawan jini suna busar da yawu, busasshen baki kuma ya fi saurin ruɓar da haƙori. Ga kuma taba, ta sha da ta ƙunsawa a baki, wadda ke cikin manyan dalilan sankarar baki.

Abin takaici shi ne, idan ciwo ya tashi, da yawa cikin dattawanmu sai su nufi masu tallar magani a bakin titi, ko su ɗiga wani abu mai ƙuna a ramin haƙorin, alhali kuwa Jos gari ne da Allah Ya wadata da masana wannan fanni. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, kuma a garin ne aka kafa cibiyar binciken lafiyar baki ta ƙasashen Afirka tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. Ilimin yana nan, isar da shi ga tsoho a rumfarsa ne ya rage.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Filato da Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa da su riƙa kai ma'aikatan lafiya cikin Taminus a kai a kai, su duba bakin dattawa kyauta, su yi bayani da Hausa. Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara, wato ranar lafiyar baki ta duniya, ta dace da soma wannan aiki. Limamai da shugabannin 'yan kasuwa su taimaka da yekuwa.

Ku kuma 'yan'uwa na Sabo a Ibadan, da Agege da Idi-Araba a Ikko, da Shagamu inda ake ɗaure huhun goro, idan za ku aika saƙo gida, ku haɗa da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fulorayid. Ku roƙi Baba da Inna, cikin ladabi, su goge baki sau biyu a rana, musamman kafin kwanciya, ba tare da sun bar aswakin da suka saba da shi ba. Mai haƙoran roba ya cire su da dare ya wanke. Gyambon bakin da ya wuce mako biyu bai warke ba, a gaggauta kai shi asibiti. Idan kun zo Sallah, ku ware rana guda da kuɗin mota ku raka su wurin likitan haƙori, ko da babu inda ke ciwo.

Ku ma kada ku manta da kanku, domin matashin da ke dako a Mile 12 yau shi ne dattijon gobe. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya, amin.