Ranar da teku ya gudu ya bar mu

Waɗanda suka yi cigiyata mako biyun da filin nan bai fito ba, na gode, lafiya ƙalau. Ni da maigida ne muka yi abin da ba mu taɓa yi ba a shekara goma sha ɗaya da aurenmu: muka kai yara uku gidan Umma, muka ɗauki jaka biyu, muka tafi Zanziba mu kaɗai na kwana shida.

Kada wata ta ce ai masu kuɗi ne. Adashen shekara biyu ne a wurin aiki, da kuɗin da maigida ya yi niyyar canja kujerun falo da shi. Kujerun na nan da tsufansu. Mai niyya kuma ta fara neman biza da wuri, don ta 'yan Nijeriya sai an jira amincewa daga can, kuma ta riƙe katin rigakafin shawara a hannu. Ta Adis Ababa muka bi, muka sauka da agogonsu yana gaba da namu awa biyu.

Zanziba tsibirai ne a Tekun Indiya, ɓangare na ƙasar Tanzaniya tun haɗewarsu da Tanganyika a 1964. Galibin mutanen Musulmi ne, don haka ni da hijabina babu wanda ya yi min kallon baƙuwa. Harshensu Suwahili, kuma kunnenki zai riƙa tsintar na gida a ciki: labari su ce habari, sabulu sabuni, alƙalami kalamu, Alhamis Alhamisi. Wannan kamannin ne ya ja mana kuskuren farko, don maigida ya ɗauka ya gama iya yaren.

Kwana biyun farko a tsohon gari muka yi, wanda ake kira Stone Town, mai lunguna ƙanana kamar na cikin birnin Kano da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa. Muka yi ciniki da mai kwalekwale zai kai mu tsibirin Changuu ganin manyan kunkuru. Ya ce mu zo "saa mbili". Maigida ya duba wayarsa, ya ce mbili biyu ke nan, ƙarfe biyu bayan azahar. Muka yi barcinmu, muka karya a nutse, muka isa bakin ruwa biyu saura. Mutumin ya gan mu ya riƙe baki. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awanni: ƙarfe bakwai na safe shi ne ɗaya a wurinsu, takwas shi ne biyu. Tun takwas na safe bawan Allah yake jiranmu har ya gaji ya ɗauki wasu. Ya yi mana kirki, ya kai mu washegari. Kunkuran kuwa sun cancanci jira. Asalinsu kyauta ce daga tsibiran Seshel a 1919, wasunsu sun haura shekara ɗari, kuma ɗaya zai yi girman turmi biyu a kife.

Da dare muka je Forodhani, filin bakin teku da ake baje kolin abinci bayan magariba. Ruwan rake da citta da lemun tsami da ake matsewa a gabanki, wannan kam har yau ina jin ɗanɗanonsa. Maigida ya ci wata halittar ruwa mai hannuwa takwas da suke kira pweza. Ni na ce a kai kasuwa. A irin wannan wuri dokata ɗaya ce, kuma ita nake ba kowa a asibiti: abin da aka gasa ko aka soya a gaban idonki, kika karɓa da zafinsa, shi za ki ci. Wanda ya daɗe a jere a kan tebur, ki wuce.

Sai muka koma Jambiani, wani ƙauye a gabar gabas. Mun isa da la'asar, ruwa shuɗi yana dukan katangar masaukinmu. Da safe na buɗe labule, babu teku. Wallahi babu. Farin yashi ne shimfiɗe har inda ido ya kai, kwalekwale zaune a ƙasa kamar an manta da su. Na tashi maigida a gigice, don na taɓa jin cewa ja da bayan ruwa alamar ambaliyar tsunami ce. Mai shara ya yi dariya har da riƙe ciki. Haka tekun yake yi kullum, sau biyu a kwana da yini: ya janye na kimanin awa shida, ya dawo a wasu shidan, bisa jan da wata yake yi wa ruwa. Idan ya janye ne matan ƙauyen suke shiga da zannuwansu su duba gonakinsu na ciyawar teku, wadda suke ɗaurewa a igiya tsakanin turaku, su shanya, su sayar. Na tsaya ina kallonsu, wata da goyo a baya, na ce uwa dai uwa ce ko a ina.

A nan ne kuma muka gane mun kwana biyu muna kuskuren alƙibla a ɗaki. Mu da muka saba cewa "gabas", maigida ya shimfiɗa darduma yana kallon inda rana ke fitowa. Sai da ya je masallacin ƙauyen ya ga sahu ya juya wani gefe. Daga Zanziba, Makka tana arewa ne kusan sak. Idan kin je baƙon wuri, ki tambaya tun daren farko.

Babban abin ya faru rana ta huɗu. An gargaɗe mu kada mu taka cikin ruwa ba takalmi. Maigida ya ce shi da ya yi wanka a kududdufi yana yaro, wane takalmi. Ba mu yi minti goma ba na ji ya yi salati. Ya taka bushiyar teku, wata ƙwallo baƙa mai dogayen ƙayoyi, sun karye a diddigensa guda bakwai. Samarin wurin suka kawo ɗanyar gwanda da lemun tsami, irin maganinsu na gargajiya. Na gode musu, na nemi roba da ruwan zafi. Ga abin da ake yi: a tsoma ƙafar a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa ba tare da ƙuna ba, na minti 30 zuwa 90, ana ƙara mai zafi idan ya huce. Yana rage raɗaɗi sosai. Ƙayar da kanta ya fito a zare ta da hantsaki a hankali. Wadda ta nutse kada a tona da allura, don rugujewa take yi. A wanke da sabulu, a tabbatar allurar tetanus ba ta wuce wa'adi ba. Idan ƙayar na kusa da gaɓa, ko wurin ya kumbura, ya yi ja, ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya zo, sai asibiti.

Ina zaune a ƙasa da ƙafarsa a hannuna, sai ya ce, "Maman yara, kin san rabon da ki zauna kusa da ni awa guda, ba waya, ba mai kiranki?" Na buɗe baki zan kawo uzurin aikin dare da makarantar yara, na ga ba ni da amsa. Har a tafiyar ma, rabin hankalina na gida. Daren farko sau biyar na kira Umma, har ta ce, "Ke, ku shida na raina, babu wanda ya ɓata. Kashe wayar nan." A bakin robar ruwan zafin nan muka yi hirar da ba kuɗin makaranta a ciki, ba cefane. Ya faɗa min abin da ke damunsa a wurin aiki tun bara, wanda ban sani ba, ni da nake tambayar marasa lafiya talatin a rana ina ke musu ciwo.

Sauran kwana biyun yana ɗingishi, ina riƙe da shi. Muka sha ruwan ɗanyar kwakwa, na shiga teku da doguwar rigata har ƙugu, na sayo kanumfari da kirfa na tsaraba, don tsibirin ya yi suna da kanumfari tun ƙarni na 19. Muka dawo muka tarar auta ta yi ƙiba, ko kukan rashinmu ba ta yi ba. Na ɗan ji haushi.

Ba sai an haye teku ba. Tun da muka dawo, daren Juma'a bayan yara sun kwanta wayoyi suna ɗaki, mu muna tsakar gida da shayi mai kanumfari. Mako uku ke nan ba mu fasa ba. Ke fa, yaushe rabonki da hira da maigida wadda babu lissafi a cikinta? Ina jiran jin naku. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.