WADDA BA TA ƘONA BA, BA TA IYA BA

Yau kam faɗa na zo yi, a yi mini uzuri idan harshena ya yi kaifi. Faɗan nawa da mutum uku ne: wadda ta fara koyon sana'ar hannu ta watsar tun ba a je ko'ina ba, da masu yi mata dariya har ta watsar, da masu cinye mata jari da sunan zumunci.

Ku dubi abin da ke faruwa a gidajenmu, tun daga nan Gulma har Argungu da Birnin Kebbi. Yarinya za ta ga kek a gidan biki, sha'awa ta kama ta. Ta kwashi kuɗin adashinta ta sayo fulawa da sukari da bota da ƙwai, ta kwaɓa, ta zuba yashi a tukunya ta ɗora. Tana buɗewa sai ta tarar ƙasan ya ƙone ƙurmus, cikin kuwa ɗanye sharaf. Shi ke nan sai kuka, wai "ni dai ba ni da hannu." Haka mai koyon saƙa da kwarashi: hular jariri ta fito a karkace, ta jefa zaren ƙarƙashin gado har ɓera ya yi gida a ciki. Mai faifai ita ma nata ya lanƙwashe kamar akushi, ta ce ai dama sana'ar tsofaffi ce.

Haba 'yar uwa! Wa ya gaya miki da hannu ake haihuwar mutum? Kek ɗin nan da ya ƙone karatu ya ba ki, ke ce ba ki tsaya kin ɗauka ba. Ƙasa ya ƙone ciki ɗanye, wutar ƙasa ce ta yi yawa, sai ki rage ta ki ɗora garwashi a kan murfi. Ya taso ya koma ya zauna, to ko kin cika buɗe-buɗe tun bai ƙosa ba, ko bekin foda ya yi yawa. Cincin ya sha mai, man bai yi zafi ba kika zuba. Faifai ya lanƙwashe, jan kabar ne bai zo ɗaya ba, nan kin matse can kin sassauta. Kowace ɓarna da dalilinta, kuma wadda ta gano dalili ɗaya ta fi jiya iyawa. Asarar nan kuɗin makaranta ce, babu gwanar da ba ta biya ba.

Ki ɗauko naira ashirin ki juya bayanta. Matar da kika gani tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali. Tun tana yarinya ta koyi ginin a wurin 'yar uwar iyayenta, a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta garin da yanzu ake kira Suleja, a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa, ta rasu a 1984. Kina jin tukunyarta ta farko ba ta tsage a wuta ba? Da ta yi fushi ta bar yumɓu, da wa zai san ta?

Na san abin da za ki ce: "Ke kina magana ne kawai, kin san kuɗin fulawa kuwa?" Gaskiyarki, asara da ciwo. Yawancin alkamar da ake yin fulawa da ita daga ƙasashen waje ake shigo da ita, shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 muka ji a kwanon kwaɓinmu, da aka cire tallafin man fetur a 2023 naira kuma ta faɗi, abin ya ƙara tsanani. To amma wa ya ce ki koyi da mudu guda? Ki gwada da gwangwanin madara ɗaya. Ki sami ɗan littafi ki rubuta abin da kika zuba da yadda ya fito. Awo da ido sai wadda ta shekara ashirin tana yi.

Sannan wa ya ce sai da fulawa ake sana'a? Muna zaune a bakin fadamar Gulbin Rima, shinkafa a ƙofar ɗakinmu, har masana'antar casar ta aka buɗe a Argungu a 2017. Nakiya da me ake yin ta? Da garin shinkafa ne, a soya shi, a sa citta da kanumfari da masoro, da sukari ko zuma, da mai, a kirɓa a turmi har ta haɗe, kuma ta yi watanni ba ta lalace ba. Waina ma shinkafa ce. Wane biki aka yi aka kai gara babu nakiya da alkaki da dubulan? Amma 'yan matan yanzu sun raina, wai aikin ƙauye ne, ga tsofaffin da suka iya suna ta tafiya da iliminsu. Da tsohuwar zuma ake magani. Ki je ki durƙusa ki ce, "Inna, koyo na zo." Za ta sa ki daka, za ta yi miki faɗa, za ta ce ki sake. A wurinta za ki ji abin da ba a samu a horon kwana uku, kamar matsa lemon tsami a ruwan sukarin alkaki don kada ya daskare.

Horon gwamnati ba laifi ba ne. An yi shirin Better Life na Maryam Babangida a 1987, an yi Family Support na Maryam Abacha a 1994, duk sun zo sun wuce. Abin da ya saura a hannun mata shi ne abin da suka koma gida suka yi ta maimaitawa har ya zauna. Takardar shaida ba ta toya waina.

Yanzu kuma ku masu dariya. Ke kishiya, ke maƙwabciya, ke ƙanwar miji, da kuka ga ƙonannen kek kuka kama ciki kuna tuntsira, me kuka taɓa gwadawa? Wadda ba ta ɗora tukunya ba ai ba za ta ƙona ba. Kai kuma maigida mai cewa "kin ɓata mini itace a banza", ko mai ganin sana'ar matarsa zubar masa da girma ce, ka fi Manzon Allah (SAW) ne? Matarsa Nana Zainab bint Jahsh da hannunta take aikin fata, tana sadaka da abin da ta samu. Ranar da aljihunka ya bushe yaro ya kwana da zazzaɓi, 'yan kuɗin cincin ɗin nan da ka raina su za a kai kemis.

Na ukun su suka fi ba ni haushi, masu "ɗan ba ni na ɗanɗana" da "kawo na ba ki ran kasuwa." Sai hannunta ya faɗa, kaya sun fara kyau, sannan dangi su yo caa. Gwaggo ta aiko a saƙa wa jikanta kayan sanyi, Yaya ta ce a yi mata dubulan na suna, kuɗi kuwa sai "Allah ya yi albarka." Albarka muna so, amma mai kanti ba ya karɓar ta a madadin kuɗin zare. 'Yar uwa, ki cire kunyar nan. Ki lissafa komai, har itace da mai da leda da wahalarki, ki ware uwar kuɗi daban riba daban. Kyauta ki yi ta daga riba, da niyya, don Allah. Mai ƙaunarki da gaske ita za ta fara biya.

Wallahi akwai daɗi a gaba ga wadda ta daure. Ranar da kek ya taso ya yi ja ƙamshi ya cika gida, ranar da aka aiko yaro daga wata unguwa da kuɗi a hannu ana neman nakiyarki, ranar da kika kai gudummawar biki ba ki roƙi kowa ba, ranar za ki manta da duk ƙunar da yatsunki suka sha. Aure yakan mutu, miji yakan rasu, dukiya takan ƙare, abin da hannu ya koya kuwa yana nan tare da ke. Guntun gatarinki ya fi sari ki ba ni.

Don haka ki jawo zaren nan daga ƙarƙashin gado, ki kankare tukunyar ki sake ɗorawa. Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.