Hurhura a kan yaro ba sammu ba ce, ku bar cin kuɗin mutane



Akwai sana'ar da ta yi ƙarfi cikin kasuwanninmu, tun daga Tunfafi har ƙananan kasuwannin ƙauye: sana'ar tsorata mai hurhura. Saurayi ɗan shekara 28 ya ga farin gashi uku a gefen kai, kafin ya kai gida an riga an ba shi fassara. Wani ya ce hannu anka sa mishi, wani ya ce iska ce. In mace ce abin ya fi muni: kishiya ce ta yi mata, ko ta ɓoye shekarunta, ko ta tsufa a gida. Daga nan sai mai lasifika a kan babur ya iso da kwalba, mai tire ya iso da baƙar hoda. Kowa ya ci nashi, mai hurhura ya koma gida da hurhurarshi, aljihu wayam.

To, mu faɗi gaskiya tsakaninmu: babu kwalbar da ake saidawa a kasuwa da ke maida farin gashi baƙi daga tushe. Wanda ya ce maka yana da ita, kuɗinka yake so.

Mi ke sa gashi baƙi tun farko? A gindin kowane sili akwai wasu ƙwayoyi da ke yin launi, likitoci na kiran launin melanin. Shi ne dai wanda ya sa fatarmu ta yi duhu. Ranar da ƙwayoyin nan sunka rage aiki ko sunka ƙare, gashin ya ci gaba da tsirowa amma ba launi. Turawa sukan fara wajen shekara 35, mu baƙar fata galibi sai an wuce 40. Shi ya sa a wurinmu ba a cewa hurhura ta yi sauri sai in ta bayyana kafin shekara 30.

Babban dalili kuwa gado ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kafin ka zargi maƙwabci, je ka tambayi inna ko kawu: baba yana da shekara nawa kanshi ya fara fari? Sau da yawa amsar na nan cikin gida, kyauta.

Amma ba kullum gado ba ne, kuma nan ne masu hoda ke cutar da mu sau biyu. Wani lokaci hurhurar wuri saƙo ce daga jiki. Ƙarancin bitamin B12 na kawo ta, shi kuwa ba a samun shi cikin gero ko dawa, sai cikin nama, hanta, ƙwai, kifi da nono. Ku duba fa: muna kora dabbobi kasuwa, muna saida ƙwai da nono, gida kuma fura da ruwa. Likitoci na alaƙanta ta da ƙarancin jini ma, kuma binciken lahiya na ƙasa na 2012 ya nuna mata 46 cikin 100 a Nijar na fama da ƙarancin jini. Ƴan fada kuma ku sani, shayi mai ƙarfi nan take bayan abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da zogale. Ciwon ƙwayar wuya, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, shi ma yana sa gashi fari da wuri. Haka ciwon nan da ke sa fata dabbare-dabbaren fari.

Wanga darasi mun san shi a kan yara. Tun bayan yunwar 2005 da likitocin MSF sunka zauna aiki a Madawa, uwaye da yawa sun gane cewa yaron da gashinshi ya yi ja ya yi laushi, tamowa ce, likita za a kai shi. Ba wanda ke shafa mishi shuni ya ce ya warke. To don mi babba zai yi wa kanshi abin da ba ya yi wa ɗanshi?

Sai taba. Wani bincike da anka yi a ƙasar Jodan a 2013 ya gano mai shan sigari ya fi wanda ba ya sha yiwuwar hurhura kafin shekara 30 da ninki biyu da rabi. Damuwa ma tana da hannu, kakanninmu ba su yi ƙarya ba. A 2020 masana na jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna, a kan ɓeraye, yadda tsananin tashin hankali ke ƙarar da ƙwayoyin launin nan. Wanda ya ci bashi ya shuka albasa a fadamar Tarka kasuwa ta faɗi, ko matar da mijinta ya yi shekara uku a ci-rani ba aike, ba sai an nemo musu maye ba.

Yanzu mu zo kan baƙar hodar da ake kira baƙin lalle. Lalle na gaskiya ja yake yi, ba ya baƙi. Abin da ke sa shi baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci, galibi wani sinadari ne mai suna PPD. A Turai doka ta ƙayyade yawan da za a sa cikin maganin rini. Wanda ake ƙulla muna cikin leda ba suna, ba kwanan wata, wa ya auna shi? Yana sa ƙaiƙayi, ƙuraje masu ruwa, fuska ta kumbura har ido ya rufe. Jikin da ya ƙi shi sau ɗaya kuma, ya ƙi shi ke nan har abada. In yaro ya samu ya haɗiye, maƙogwaro na iya toshewa, ƙoda ta tsaya. A Sudan da Maroko an yi asarar rayuka da dama ta haka. Duk wannan don mi? Gashi na tsirowa kamar santimita ɗaya a wata, bayan sati uku farin ya sake leƙowa, a sake biya. Araha ba ta ado.

Wani zai ce: kai mai rediyo, bakinka kawai ake ji, mu da ke neman aure ko aiki fa? Maganarka tana kan hanya. Ban ce kar kowa ya yi rini ba. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa an halatta canza hurhura da lalle, an hana tsige ta, kuma da yawansu na ƙyamar baƙi. Mai so ya sa lallenmu na gida. Wanda ya nace sai na kanti, ya saye mai kwali da suna, ya ɗan shafa a bayan kunne ya jira kwana biyu ya gani. Batun wai in ka tsige ɗaya goma za su fito, ba haka ba ne: rami ɗaya sili ɗaya yake fiddawa, sai dai yawan tsiga na kashe ramin.

Abin da nike roƙo shi ne a sauya tsari. In hurhura ta zo kafin 30, ba kuma irin gidanku ba ce, musamman in akwai kasala, jiri, bugun zuciya, rama ko kumburin wuya, a fara da likita. A je CSI ko asibitin gunduma a auna jini, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Tawa. In ƙarancin abinci ne ko ciwon wuya, ana magance shi, wani lokaci har launin ya dawo. In gado ne, kai lahiya lau kake, ka adana jikkunanka ka sai wa iyali hanta.

Mu kuma sauran, mu kama bakinmu. Shaguɓen da muke yi wa budurwa mai farin sili biyu shi ke tura ta wurin mai hoda, zargin da muke ɗora wa kishiya shi ke raba gida. Masu lasifika ba su da jari sai kunyar da mu munka ƙirƙira.

Allah ya ba mu lahiya da tsawon rai, mu ga hurhurar jikokinmu.