Gallabat: Layi yana dawowa, amma layukan ba sa magana da juna

Tun ranar 25 ga Yulin 2025 hukumar sadarwa ta Sudan ta toshe kiran murya da na bidiyo a WhatsApp, bisa dalilan da ta ce na tsaro ne. Saƙon rubutu yana tafiya. Ga ɗan boko wannan ƙaramar takura ce, ya nemi VPN ko ya koma wata manhaja. Ga tsohuwar da ba ta karatu, wadda ɗanta ke Jidda ko Zinder, rufe hanya ne, domin komawa wata manhaja na nufin sai shi ma na can ya koma, da 'yar'uwarsa, da duk wanda ake son ji daga gare shi. Mai WhatsApp ba ya iya kiran mai Telegram, mai imo ba ya iya aika wa mai Messenger ko gaisuwa.

A nan Gallabat, inda ƙaramar gada ce ta raba mu da Matamma ta ƙasar Habasha, an fi ganin matsalar ƙarara. Gefenmu akwai Zain da Sudani da MTN, tsallake kuma Ethio Telecom. Nan fam, can bir. Abin da 'yan Nijar ke kira rezo, 'yan Najeriya su ce sabis, mu mu ce shabaka, yana zuwa yana ɗaukewa a kowane ɓangare, kuma ko duka suna nan, kowanne a cikin shingensa yake. Ana yawan kuka da rashin layi. Ni ina ganin rashin ƙofa tsakanin layukan ya fi cin mutane kuɗi.

Duniya ta taɓa shiga irin wannan hali da wasiƙar imel, kuma yadda aka fita yana da abin koyo.

A 1971 wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a layin ARPANET, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ ta raba sunan mutum da sunan na'ura. Sai dai ARPANET na cibiyoyin da ke aiki da ma'aikatar tsaron Amurka ne. Waɗanda aka bari a waje suka gina nasu: masu kwamfutocin Unix suka yi amfani da UUCP, jami'o'i suka kafa BITNET a 1981, Tom Jennings ya ƙirƙiro FidoNet a 1984 don masu kwamfuta a gida, Birtaniya na da JANET, ga kuma kamfanonin kuɗi irin su CompuServe da MCI Mail. Kowa da yadda yake rubuta adireshi. A JANET daga baya ake farawa, sunan ƙasa tukun sannan jami'a. A UUCP kuwa mai aikawa ne zai jera duk na'urorin da saƙon zai bi, yana raba su da alamar motsin rai. Da a ce garuruwanmu na'urori ne, da adireshin zai yi kama da haka: kano!abeche!alfashir!gadarif!musa.

Duk wanda ya ji labarin kakanninmu da suka bi hanyar hajji a ƙasa zai gane wannan tsari. Wasiƙa takan tashi daga Kano a hannun matafiyi, ta kwana a zango, wani ya ɗauka zuwa zango na gaba, har ta iske mai ita. Gallabat ɗin kanta Takarir ne suka raya ta, wato mutanen yamma da suka yada zango a hanyar Makka, tun kafin Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903.

Abin da ya haɗa waɗancan layuka shi ne na'urorin da ke zaune a tsakani, ƙafa ɗaya a wannan layi ɗaya a wancan, suna karɓar saƙo su juya adireshinsa su miƙa gaba. Ƙofofi ke nan. Ba su da daɗin sha'ani: saƙo yakan ɓace, amsa takan rasa hanyar komawa. Daga baya kowa ya dawo kan ƙa'ida ɗaya, SMTP, wadda Jon Postel ya wallafa a 1982, ba mallakar kowane kamfani ba, kuma kowa na iya ɗauka kyauta. A 1989 aka haɗa MCI Mail da intanet, sauran kamfanoni suka biyo. Shi ya sa yau mai Gmail ke rubuta wa mai Yahoo ba tare da ya san akwai wata iyaka a tsakaninsu ba.

Afirka ma ta waɗannan ƙofofi ta shiga. A farkon shekarun 1990, cibiyar PADIS ta Hukumar Tattalin Arzikin Afirka a Addis Ababa tana tara saƙonni a tsarin Fido, ƙungiyar GreenNet da ke Landan tana kiran irin waɗannan tashoshi ta wayar tarho ta kwashe ta zuba a intanet. A ƙasashe masu Faransanci, layin RIO na cibiyar bincike ta ORSTOM ya haɗa birane kamar Dakar da Wagadugu da Bamako da Yamai da garin Montpellier ta UUCP. An gina tsarin ne da sanin cewa layi zai yanke. Ka rubuta saƙonka, na'ura ta ajiye, idan an samu layi da dare ya tafi. Manhajojin yau da yawa an gina su da zaton intanet ba ya ɗaukewa, zaton da bai taɓa zama gaskiya a Gallabat ba.

A fannin kuɗi ne abin ya fi ciwo. Kafin yaƙi, bankunan Sudan suna haɗuwa a wata cibiya guda a Khartum, kamfanin EBS da ke ƙarƙashin babban banki. Da faɗa ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, cibiyar ta tsaya, aika kuɗi daga banki zuwa wani banki ya tsaya tare da ita. Manhajar Bankak ta Bankin Khartum ta ci gaba da aiki tsakanin masu asusu a bankin, ta zama ita ce kuɗin ƙasa a aikace: da ita ake sayen dawa, da ita 'yan'uwa na Saudiyya ke tallafa wa gida, da ita ake tara wa ɗakunan girkin taimako gudummawa. Masu Fawry na Bankin Faisal da masu O-Cash na Bankin Omdurman suka zauna kowa a tsibirinsa.

Idan na'urori suka kasa haɗuwa, mutane ke zama ƙofar, kuma mutum ba ya aikin banza. Mai shago da ke da asusu biyu, ɗan canji a bakin gada da zai karɓi Bankak ya ba ka bir, mai tsabar kuɗi da zai cire kasonsa kafin ya ƙirga maka saura. Ban ga laifinsu ba, da ba su nan da ba a san inda za a sa kai ba. Amma kowace ƙofa tana gutsurar abin da aka aiko, kuma talaka ne ke bi ta ƙofofi mafi yawa. Kuɗin da ɗan Maraɗi zai aika wa ƙanwarsa a wani ƙauyen Gadarif sai ya sauya hannu da suna sau da dama kafin ya zama buhun hatsi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Buɗe asusu yana buƙatar lambar ɗan ƙasa, kuma samun takardun ɗan ƙasa tsohuwar wahala ce ga Hausawa da sauran waɗanda ake kira Fallata a Sudan, ko da kakanninsu a nan aka binne su. Lokacin da gwamnati ta fara canjin takardun fam 500 da 1,000 a Disambar 2024 a jihohin da ke hannun soja, har da Gadarif, ta hanyar zuba kuɗi a asusun banki aka tsara abin. Wanda ba shi da lamba sai ya ari asusun maƙwabci, ya dogara da amana.

To amma kada a ɗauka cewa haɗa komai wuri guda shi ne magani. Tarihin EBS ya nuna akasin haka: ƙofa ɗaya ce, a babban birni, ta faɗi da faɗuwarsa. Haka aka sake gani a farkon Fabrairun 2024, lokacin da Zain da Sudani da MTN suka ɗauke gaba ɗaya a kusan duk faɗin ƙasar. An ɗora alhakin a kan dakarun RSF, waɗanda ke riƙe da wuraren da manyan na'urorin kamfanonin suke a Khartum. Garuruwan da ba a taɓa harba harsashi a cikinsu ba suka wayi gari ba waya, ba Bankak. Sai da kamfanonin suka kafa sababbin na'urori a Port Sudan layi ya fara dawowa, Sudani da farko, Zain daga baya. Imel bai taɓa mutuwa haka a duniya ba, saboda ƙa'idarsa ɗaya ce amma ƙofofinsa dubbai ne, kuma ba mai mabuɗin duka.

A wancan lokacin ko tsallaka gada ba lalle ya yi amfani ba. Gwamnatin Habasha ta yanke intanet na wayar hannu a yankin Amhara tun Agustan 2023 saboda faɗa da mayaƙan Fano, ba a dawo da shi a manyan garuruwa ba sai Yulin 2024. A watan Satumban shekarar kuma aka rufe mashigar Gallabat na wasu makonni da Fano suka shiga Matamma.

Starlink ya cike giɓi a wurare da dama, musamman yammacin ƙasar, inda ake biyan kuɗin awa a zauna kusa da faranti. Ya ceci rayuka, wannan ba musu. Amma shi ma ƙofa ɗaya ce ta kamfani ɗaya a Amurka. A Afrilun 2024 kamfanin ya gargaɗi masu amfani da shi a ƙasashen da ba shi da lasisi cewa zai yanke su, har ƙungiyoyin agaji suka yi ta roƙo a bar Sudan. An bari, amma da yardar mai kaya.

Masu karatu na yamma suna gaba da mu a wannan fage. Najeriya na da tsarin NIP tun 2011, wanda ke kai kuɗi daga kowane banki zuwa wani nan take. Gana ta haɗa kamfanonin kuɗin waya a 2018. An ƙaddamar da PAPSS a Akara a Janairun 2022 don biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka da kuɗaɗensu na gida, sannan babban bankin BCEAO ya buɗe dandalinsa na PI-SPI a ƙarshen Satumban 2025 don ƙasashen sefa takwas, ciki har da Nijar. Ci gaba ne na gaske. Sai dai duk sun fi ƙarfi a cikin iyakar ƙasa ko ta kuɗi ɗaya, alhali rayuwar Bahaushe a kan iyaka take: Jibiya da Maraɗi, Illela da Ƙonni, Gallabat da Matamma. Ɗan kasuwar Ƙonni da ke sayayya a Illela har yanzu ɗan canji ne ƙofarsa tsakanin sefa da naira.

Sojoji sun karɓe Khartum a Maris na 2025, daga nan aka shiga maganar mayar da ma'aikatu da cibiyoyi can. Tambayoyin da ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwar Gadarif da shugabannin al'ummarmu su yi wa babban banki da hukumar sadarwa ba masu wuya ba ne. Idan an sake gina cibiyar da ke haɗa bankuna, za a bar ta biyu a wani gari, ko duk za a sake tara su a unguwa ɗaya? Za a wajabta wa Bankak, wanda ya fi kowa cin ribar rarrabuwar, ya karɓa ya kuma aika wa sauran a farashi ɗaya? Za a iya aika kuɗi da ƙaramar waya ta lambobin da ake dannawa, ba sai da intanet ba? Kuma wace takarda za a karɓa daga manomin riɗi da aka haifa a Gallabat amma ba shi da lambar ɗan ƙasa?